Ranar da Mas'udu Ya Shugabanci Gyaɗar Huseina

Kwana uku Mas'udu ya yi a Gusau, ya dawo Kucheri da takarda mai zanen ruwan zinare a gefe, da wata irin tafiya wadda ba da ita ya bar gida ba. Abin da ya kai shi ba wani abu ba ne. Abokinsa mai ba da hayar kujeru ne ya ce ya zo ya taya shi jera su a wani otal, inda wata ƙungiya ke yi wa shugabannin al'umma bita. Ya jera kujeru, ya raba ruwan leda, sauran lokacin ya jingina da ƙofa yana saurare. Ranar rufe taro aka ga mutum ɗaya bai zo ba, takardar shaida ɗaya ta yi kwantai, sai wata mata mai tabarau ta tambaye shi sunansa ta rubuta a kai. Shi ke nan fa. Kafin motar da ya shigo ta kai Tsafe, ya riga ya gaya wa direba cewa ba haka ake shugabancin fasinja ba.

Matarsa Huseina na tsakar gida tana matsar man gyaɗa lokacin da ya yi sallama. Tana ɗaga kai ta ga irin takunsa. Shekara ashirin da huɗu suna tare, ta san wannan tafiyar. Da irin tafiyar nan ya dawo daga kasuwar Mada shekarar da ya haƙa ramin kifi a bayan ɗaki, wanda har yau kwaɗi ne ke cin moriyarsa. Da ita ya dawo daga Bungudu da ƙwan da aka ce masa na talo-talo ne, aka ƙyanƙyashe agwagi. Mutum ne mai kirki, bai taɓa ɗaga mata murya ba, 'ya'yansu mata huɗu suna ji da shi. Illarsa ɗaya ce: in ya ji magana a wani wuri sai ya gwada ta a kan abin wani, kuma abin wanin nan kusan kullum nata ne.

Ko ruwa bai sha ba ya zaunar da ita. Ya ce duk wahalar da ƙasar nan ke ciki, daga sama har gidan mai unguwa, abu ɗaya ne ya jawo ta: ana tafiyar da mutane da tsoro. Ya ce masana sun gano cewa duk mai rai, mutum ne ko dabba, abu biyu ke motsa shi, ƙauna da tukwici. Ka nuna masa kana sonsa, in ya yi daidai ka miƙa masa wani abu nan take, gobe da kansa zai maimaita. Huseina ta ce to, Allah ya amfana, ta tambaye shi ko ya tuna da gishirin da ta ce ya sayo. Bai tuna ba.

A kan akuya ya fara. Akuyar gidan na da hali: takan faɗa gidan maƙwabciyarsu Inna Tambaya, tsohuwa mai shanyar kuɓewa da kaifin harshe, ta ci ta fito. Da can Huseina ke bin ta da muciya, har abin ya ragu zuwa sau ɗaya a mako. Mas'udu ya hana. Ya ɗebi dusa a ƙwarya ya tsaya a ƙofar gidan Inna Tambaya yana kiran akuya da tattausar murya, tana fitowa ya shafa kanta ya miƙa mata. Ranar farko sau ɗaya ta shiga. Rana ta uku, sau tara. Ranar Juma'a ta zo da akuyoyin unguwa biyu, suka shiga a jere, suka fito a jere, suka tsaya gabansa suna jira.

Inna Tambaya ta fito da faifanta babu komai a kai, ta dubi akuyoyin, ta dube shi.

"Mas'udu, da can akuyarku ɓarauniya ce. Yanzu ka ɗauke ta aiki. Ta ci nan, a biya ta can."

Ya ce ai wannan ita ce shaidar, ga ta nan tana fitowa da ƙafarta, ba duka ba zagi. Fitowar kawai yake gani, shigar ba ta gabansa.

Da a kan akuya abin ya tsaya, da Huseina ta biya kuɓewa ta yi shiru. Amma kaka ta yi, kuma gyaɗarta na cikin ƙasa.

Gonar tata ce, gadon mahaifinta, can gabas da gari, tafiyar rabin sa'a. Daga gyaɗar nan take fitar da man da take sayarwa da ƙuli-ƙulin da ake kai mata Tsafe ranar kasuwa. Daga ita cefanen gidan ke fitowa shekara guda, da takalman 'yan matan, da littattafansu. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu, ƙasa ta fara tauri, sai ranar Alhamis aka samu yayyafi mai ɗan nauyi wanda duk manomi ya san na sallama ne. Gyaɗa kuwa ba ta jira. In ƙasa na da laushi, ka sa fartanya ƙarƙashin tushe ka ɗaga, ta fito da 'ya'yanta suna reto. In ka bari ta bushe, ko ka fizga da hannu, ganye ya biyo ka, 'ya'ya su tsinke su zauna a ƙasa. Kwana biyu take da su, uku in Allah ya so. Ga shi yanzu, saboda rashin tsaro, ba mai zuwa gonakin gabas shi kaɗai. A ayari ake tafiya da fitowar rana, a juyo da la'asar. Don haka ta kira gayya ranar Asabar.

Gayya a Kucheri ba ta da shugaba, ko kuma ba wanda ya taɓa tambaya. Mai gona ya aika gida-gida, mata su dama fura su turara dambu, Mannir makaɗi ya rataya gangarsa, maza su jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya kama kunyar shuka ɗaya. Wanda ya riga kai ƙarshen gona sai ya juyo ya tari ta wanda ƙarfinsa ya gaza. Ba a biyan kowa, domin gonar kowa na nan tafe. Haka Huseina ta tashi ta gani, kuma haka take roƙon Allah ta sake gani ranar Asabar.

Ranar Juma'a yayanta Shu'aibu ya sauka daga Bungudu don ya taya ta. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gadin ƙofar wata makarantar kwana, ya yi ritaya da usur ɗinsa a wuya, da kuma imanin cewa ba a taɓa yin ɗan Adam ɗin da ya yi abin kirki ba sai don tsoron abin da zai biyo baya. Bayan la'asar suka zauna a zaure shi da Mas'udu, aka fito da takarda mai ruwan zinare. Huseina na daga ciki tana surfen geron fura, tana jin su.

Mas'udu ya ce wanda ke tsoronka idonka yake yi wa aiki, ka juya baya ya zauna. Shu'aibu ya ce to sai ka ƙi juya baya. Mas'udu ya ce wanda ke sonka yana aiki ko ba ka nan. Shu'aibu ya ce shi ma yana son mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, amma bai taɓa ɗebo mata ruwa ba sai ya hango mahaifinsa ya doso gida. Mas'udu ya ce a Gusau an nuna musu a majigi yadda ake ba ɓera abinci har ya koyi danna wani ƙarfe. Shu'aibu ya tambaya ko an gwada nuna wa ɓeran kyanwa.

"Yaya, zamani ya wuce ku. Mutum fure ne, ban-ruwa yake so."

"Fure. Ɗari shida na tsare a ƙofa guda, furannin nan naka. Da ban-ruwa na yi musu, da duk sun tsallake katanga sun tai kallon ƙwallo."

Masu wucewa suka fara tsayawa, zaure ya cika. Wani ya ce ai baki ba zai raba wannan gardama ba, sai gwaji. Ba a san wanda ya fara cewa ai ga gona nan gobe ba. Nan take aka raba gonar Huseina biyu, ita tana riƙe da taɓarya a cikin gida: arewa ta ƙauna, kudu ta tsoro, wanda sashensa ya riga ƙarewa shi ke da gaskiya.

Da Mas'udu ya shigo ta tare shi a bakin madafa, ta yi ƙasa da murya don kada yayanta ya ji.

"Malam, don Allah ku bar min gyaɗata a cire ta yadda aka saba. Ku gwada a kan dawa. Dawa tana jira."

"Maman Salma, gobe kafin azahar za ki ga gyaɗarki a tsakar gidan nan. Ke dai ara mini jan zakaran nan naki."

Ta tambaye shi me zai yi da zakara. Ya ce aro ne kawai. Ta lallaɓa wurin yayanta, shi ma ya ce ta kwantar da hankalinta, yana nan, gobe ba wanda zai yi wasa. Wannan ne ya ƙarasa tayar mata da hankali.

Da fitowar rana ayari ya isa gona, maza ashirin da shida, mata bakwai ɗauke da ƙoren fura da kwanonin dambu. Mannir ya gyara ganga zai fara, Mas'udu ya ɗaga hannu ya ce yau a huta da kiɗa, ya aro lasifikar mai tallar maganin basir. Shu'aibu ma ya ce ba kiɗa a sashensa, kiɗa wasa ne. A kan wannan kaɗai suka yarda da juna duk ranar. Mannir ya nemi inuwar ɗorawa ya zauna, ganga a cinya.

Aka ja igiya a tsakiyar gona, aka raba mutane. Mas'udu ya hau kan suri, zakara ɗaure da ƙafa a hammatarsa, ya yi jawabi. Ya ce yana son kowa da ke wurin nan har cikin zuciyarsa. Ya sauko ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana riƙe hannu yana kallon cikin ido. Baba Tukur, dattijon da ya yi gayya tare da mahaifin Huseina tun suna samari, ya zare hannunsa a hankali, ya tambayi na kusa da shi ko likita ya gaya wa yaron nan wani abu ne a Gusau.

Sannan aka zo kan tukwici. Kowa ya tara abin da ya cire a tsibinsa. Wanda tsibinsa ya fi tsayi da azahar, zakara nasa ne. Na biyu bokiti, na uku sabulu. Daga inda take zaune Huseina ta gane bokitin, ta gane sabulun ma. Baba Tukur ya ce shi ba ƙwadago ya zo ba, zumunci ne ya kawo shi, in don zakara ne yana da huɗu a gida. Ya saɓa fartanyarsa ya tsallaka igiya zuwa kudu.

A kudu Shu'aibu ya riga ya busa usur, ya jera mutanensa, ya kira suna, ya kafa doka: ba magana, ba miƙewa, ba shan ruwa sai an busa, wanda ya karya ba shi ba dambu. Baba Tukur kuwa a makare ya zo, saboda haka aka ce ya tsaya gefe minti goma. Ya tsaya. Ya dubi arewa, ya dubi kudu, ya tafi inuwar ɗorawa ya zauna kusa da Mannir.

Aka fara.

A kudu, duk wanda Shu'aibu ya sa wa ido sai ya haƙa kamar ana bin sa, sauran kuma su dogara da ƙota su huta. Ya juya kansu, na farko ya dogara. Ya yi ta juyi a tsakiyar gona yana busa har jiri ya fara ɗibarsa. Mutanen da ba su taɓa zama a gayya ba, cikin sa'a ɗaya suka ƙware a sunkuyawa ba tare da aiki ba. Wani ya ɗaga hannu ya nemi izinin zagayawa, ba a sake ganinsa ba sai a arewa. Wani ya tafi nemo shi.

A arewa, da farko da fartanya aka yi ta ɗagawa yadda aka saba. Sai Anas mai faci, wanda kansa ke ja, ya lura cewa tsayin tsibi za a duba, kuma fartanya na ɓata masa lokaci. Ya yar da ita, ya kama ganye da hannu biyu ya fara fizga. Nan da nan tsibinsa ya kai ƙugu. Mas'udu ya sa lasifika a baki ya kira shi gwarzo, ya ce kowa ya dubi Anas, muna sonka Anas. Kowa kuwa ya duba. Kafin a jima ba fartanya ko ɗaya a hannu. Ba wanda ya juyo ya tari kunyar wani. Wasu 'yan wa da ƙani da ke ci kwano ɗaya tun suna yara suka ja layi tsakanin tsibinsu. Wani ya cusa ciyawa a cikin nasa, wani ya kafa sanda a tsakiya ya lulluɓe ta da ganye, wani ya tafi shan ruwa ya dawo ya tarar nasa ya rame na maƙwabcinsa ya yi ƙiba.

Huseina na ƙarƙashin ɗorawa tare da mata. Daga nesa ba ta ganin abin da ke hannunsu, amma ta san gyaɗa ba ta fita da wannan saurin. Ta tashi ta nufi arewa. Mas'udu na hango ta ya sanar a lasifika cewa ga uwar gona nan tafe, tauraruwar gidansa, a yi mata tafi. Maza goma sha tara suka miƙe suna tafi suna kallonta. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya. Ta bi ta kudu don ta roƙi yayanta ya leƙa mata, ya busa mata usur, ya ce ba a shiga wurin aiki sai an tashi.

Tun kafin azahar arewa ta ƙare. Ba su tsaya a igiya ba, suka tsallaka kudu suna fizga, domin tsibi na bukatar ƙari. Shu'aibu ya waiga ya ga mutum ɗaya ya rage masa: Malam Abdu mai nauyin kunne, wanda bai ji usur ba, bai ji zancen zakara ba, yana can gefe yana ɗaga kunyarsa da fartanya a natse, yana karkaɗe ƙasa, yana jerawa, kamar kowace gayya.

Mas'udu ya sake hawa suri. Ya ce yau Kucheri ta ga ilimi da idonta, aikin yini guda ya ƙare kafin azahar, ba duka ba zagi. Ya kira Yaya Shu'aibu ya zo gaban jama'a ya amsa. Yana cikin haka Inna Tambaya ta taka a hankali zuwa tsibin da ya fi tsayi, ta zaro tushe ɗaya ta karkaɗa, ta ɗaga sama. Saiwa ce tsirara, da 'ya'ya biyu suna lilo. Ta zaro wani. Ta koma tsibi na gaba ta zaro. Ta juyo ta dubi Mas'udu.

"To, harawa kam an samu, akuyarku ta gode. Gyaɗar fa, ina kuka aje ta?"

Huseina ta durƙusa ta cusa yatsu cikin ƙasa. Suna nan, manya-manya, cike da ƙwaya, kowace ta tsinke ta zauna inda take. Ganyen da ke yi wa ƙasa inuwa yana can a tsibi, rana na dukan gonar tsirara, saman har ya fara fari. Yanzu ba cira ba ce, tono ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma sa'a uku suka rage a juya gida.

Mas'udu ya sauko daga suri da sauri. Ya ce abin da aka manta a Gusau shi ne ƙauna ma tana son ɗan gishirin tsoro. Ya fizge usur daga wuyan surukinsa ya busa, ya ce kowa ya koma bakin aiki, wanda ya ƙi ba shi ba dambu. Ba wanda ya motsa. Anas ya ce a fara ba shi zakaransa, sharaɗi tsayin tsibi ne, ba a ambaci 'ya'ya ba. Na biyu ya ce a tone tsibin Anas a gani. Anas ya ce a fara tone na mai sanda. Murya ta hau murya.

Shu'aibu kuwa, da ya ga ba usur ba mutane, sai ya ce a ransa bari shi ma ya gwada ɗaya hanyar. Ya yi murmushi, abin da fuskarsa ta shekara ashirin da biyu ba ta yi ba, ya buɗe hannuwa ya nufi inuwa yana cewa Baba Tukur masoyinsa ya taso a yi aiki. Baba Tukur ya tashi kam, ya sa kututturen ɗorawa tsakaninsu.

A can kuma mutum biyu sun kama zakara a hammatar Mas'udu, ɗaya ƙafa ɗaya fiffike. Igiya ta kwance. Zakara ya tashi ya sauka a kan hular Shu'aibu, ya yi tsalle cikin ƙwaryar fura ya kifar da ita, ya miƙe ya faɗa gonar dawar maƙwabta. Maza goma suka rufa masa baya, domin har yanzu ba a ce ga mai shi ba. Mas'udu na biye, hannu ɗaya usur yana busa masa, hannu ɗaya lasifika yana kiransa da tattausar murya. Inna Tambaya ta gaya wa mata su duba da kyau, ga ɗalibi ɗaya can da aka haɗa wa darasi biyu, bai ɗauki ko ɗaya ba.

Huseina ba ta yi dariya ba. Ta dubi rana, ta dubi gona. Ta ɗaura mayafinta a ƙugu, ta ɗauki fartanyar da Anas ya yar, ta je kusa da Malam Abdu ta kama kunya ta farko. Ta sara, ta juya ƙasa, ta tsince da hannu ta zuba a ƙwarya. Ba ta ɗaga kai ba. Inna Tambaya ta ɗauko faifai ta durƙusa bayanta, sauran mata suka bi. Baba Tukur ya fito daga bayan ɗorawa ya saɓa fartanyarsa, ya dubi Mannir.

"Kai kuma mi kake jira?"

Ganga ta tashi. Masu bin zakara suka fito daga cikin dawa hannu wofi, kaikayi a wuya, suka tsaya suna kallon matar da suka ci dambunta shekara da shekaru tana tonon gonarta. Ba wanda ya ce musu komai. Ɗaya ya sunkuya ya ɗauki fartanya, sai wani, sai wani. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa, maza na juya ƙasa, mata na tsinta a baya. Anas ya karɓi fartanyarsa daga hannun Huseina ba tare da ya dube ta ba, kuma ranar ba wanda ya kai shi sara.

Shugabannin biyu suka matso don su tsara aikin. Baba Tukur ya nuna musu tsibin ganye da haɓa.

"Ga mabiyanku can, ba su da mai ja musu gora. Ku kai su amalanke."

Haka suka yini suna jidar harawa, Mas'udu a gaba Shu'aibu a baya, kuma bakinsu bai huta ba. Mas'udu ya ce hanyarsa ta yi aiki, kowa ya ga sauri, ma'aunin ne kawai aka kuskure. Shu'aibu ya ce da sun ji tsoronsa yadda ya kamata da ba su tsallaka igiya ba. Mas'udu ya ce wannan kiɗan da ake yi ma ai wani nau'in tukwici ne. Shu'aibu ya ce a'a, tsoron bakin Inna Tambaya ne. Mai amalanke ya roƙe su su riƙa ɗorawa kafin su yi magana, shanunsa sun gaji da tsayuwa.

La'asar ta yi, dole aka juya. Kashi biyu cikin uku aka tono. Da suka koma ranar Lahadi, ƙasar ƙarshen gona ta ƙanƙame, fartanya na tashi da ƙara. Buhu goma sha huɗu Huseina ta sa rai, tara ta samu. Shekarar nan tun bazara ta fara sayen gyaɗa a Tsafe don kada masu sayen manta su koma wani gida, 'yan matan kuma suka yi salla da takalman bara da aka kai wa mai gyara.

Zakara ya riga kowa dawowa gida, aka tarar da shi a kan turmi. Huseina ta sa aka yanka shi, ta yi farfesu, ta rufe a kwano ta aika gidan Malam Abdu mai nauyin kunne. Ya buɗe, ya yi mamaki, ya tambaya ko haihuwa aka yi.

Da damina ta dawo, gyaɗar da ta zauna a ƙasa ta tsiro gyauro, kore shar, a ƙarshen gona. Mas'udu ya riƙa ɗaukar mutane yana kai su su ga yadda ƙauna ke fitar da amfani ko ba a shuka ba. Takarda kuwa an sa ta a gilashi an rataye a zaure.

Huseina ta yi dogon tunani, ta ga faɗa ba halinta ba ne, muciya kuma ba ta miji ba ce. Sai ta ɓullo da dabara. Duk ranar da ya zo da sabon shiri a kan kajinta ko tukunyar manta, ta ce Malam don Allah bari, ya kuwa bari, sai ta soya masa ƙwai biyu da albasa ta kai masa nan take. Abin ya yi aiki ƙwarai. Yana kawo shiri, tana roƙo, yana janyewa ba gardama, ba ɓacin rai. Har ta leƙa ta katanga ta gaya wa Inna Tambaya cewa da alama ta samo kan maigidan.

Tsohuwa ta ci gaba da yankan kuɓewarta. Ta tambaya, makon farko sau nawa ya zo da shiri. Huseina ta ce sau ɗaya.

"Wanga mako fa?"

Huseina ta ƙirga a yatsunta, ta sake ƙirgawa. Tara. Sai a lokacin ta tuna cewa da safe ya gaya mata ranar Juma'a yayanta na tafe daga Bungudu tare da wani abokinsa, suna da shawara a kan wakenta.